Ƙanina yana shiga mini shafin makaranta tun da na kwanta asibiti, ko hakan ya wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx, birnin New York, ina karatu a wata kwaleji ta intanet da tallafin Pell (kuɗin karatu da gwamnatin tarayya ke bai wa ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi) da ɗan bashin gwamnati. Ina da sikila. A ƙarshen mako na 4 na wannan zangon ciwon ya tashi har aka kwantar da ni, yau kwana 12 ban miƙa aiki ko ɗaya ba. Na ba ƙanina kalmar sirrina, kullum yana shiga shafin don kada a ce ba na zuwa. Wata anti a zaurenmu na WhatsApp ta ce kada in kuskura in cike takardar janyewa, wai W (alamar da ake sa wa wanda ya janye daga kwas) yana ɓata sakamako. Ta ce in yi shiru, su da kansu za su cire ni, zango mai zuwa in kai takardar likita a goge komai. Ban taɓa gaya wa makarantar ina da sikila ba. Wallahi ko barci ba na iyawa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da jiki 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Ki canza kalmar sirrin nan yau. Shigar da ƙaninki yake yi ba ta ƙara miki ko kwana ɗaya a rajistar halarta ba. Tun Yulin 2011 dokokin Ma'aikatar Ilimi ta Amurka suka fayyace cewa buɗe shafin aji kawai ba halarta ba ce, aka sake jaddada hakan a 2021. Abin da ake ƙirgawa shi ne miƙa jinga, yin gwaji ko jarrabawa, rubutu a dandalin tattaunawar da malami ya sa, ko magana da malami a kan darasin kansa. Ko saƙon "ba ni da lafiya" da za ki aika wa malami, duk da ina so ki aika, ba lallai ya shiga lissafi ba, don ba maganar darasi ba ce. Gwamnati ba don mugunta ta tsaurara ba. 'Yan damfara ne suka riƙa yi wa ɗaliban bogi rajista a makarantun intanet, su kwashe rarar kuɗin tallafi su ɓace, shi ya sa yanzu makarantu suke lura da na'urar da aka shiga da ita da inda aka shiga. Ba wa wani kalmar sirri laifi ne a kundin ɗa'ar ɗalibai. Idan kuma tausayi ya ɗebi ƙaninki ya rubuta wani abu da sunanki, an tashi daga maganar rashin lafiya an koma ta maguɗi, ita kuma tana iya kaiwa ga kora.

Sai maganar antinki. Wannan shawara ta "ki yi shiru za su cire ki" babu makon da ba na cin karo da ita a ofishinmu na makaranta, kuma babu abin da ya jefa ɗalibanmu cikin bashi kamarta. Kullum daga bakin mai ƙauna take fitowa, wadda ɗiyar maƙwabciyarta ta taɓa yin haka a wata makaranta, a wata jiha, shekaru da suka wuce, ba ta kuma taɓa tambayar yadda aka ƙare ba.

E, za su cire ki. Makarantar da ke ɗaukar rajistar halarta, gwamnati na sa ran ta gane cewa ɗalibi ya daina zuwa cikin kwana 14 daga aikinsa na ƙarshe. Daga nan ne dokar "kwana 14 a jere" da kike gani a kundin makarantun intanet da yawa ta samo asali. Ke kina kwana na 12. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, kuma a wurin makaranta ma'anar shirunki ita ce kin tafi tun ranar da kika miƙa aikin ƙarshe, ba ranar da suka farga ba.

Ga abin da ke biyo baya. Kuɗin Pell da bashin da aka ba ki a farkon zango ba su gama zama naki ba. Kowace rana da kika halarta tana halatta miki wani kaso, har sai kin wuce kashi 60 cikin 100 na zangon, sannan duka ya zama naki. Mu ɗauka zangonku makonni 16 ne, wato kwana 112 idan babu dogon hutu a tsakiya. Kashi 60 zai faɗo a cikin mako na 10. Ke kin tsaya a kwana na 28, kashi 25 ke nan. Idan misali an ba ki dala 4,000, dala 1,000 ce ta halatta, sauran 3,000 dole a yi lissafin mayar da su. Makaranta za ta mayar wa gwamnati nata kason cikin kwana 45. To amma kuɗin da ta mayar ai shi ne ya biya miki kuɗin makaranta, kuma jadawalinta na rage wa mai janyewa kuɗi abu ne daban, wanda a wurare da yawa yake rufewa tun makonnin farko. Sai ta juyo ta aiko miki da takardar bashi. Kafin ki biya, ba za ki iya rajistar zango mai zuwa ba, wanda antinki ta ce a cikinsa za ki gyara komai. Idan aka daɗe sai a miƙa ki ga kamfanin karɓar bashi. Wata shida na sararawa kafin fara biyan bashin gwamnati kuma daga ranar tafiyar suke fara ƙirguwa, kina kwance ba ki sani ba.

Akwai ɗan ƙwayar gaskiya da wannan jita-jita ta tsiro a kai. A makarantar da ba ta ɗaukar rajista, idan ɗalibi ya ɓace ba sallama, doka ta yarda a ɗauki tsakiyar zango a matsayin ranar tafiyarsa, wato kashi 50. Wani ya taɓa cin wannan gajiyar, ya bazama yana ba da fatawa. Abin da bai faɗa ba shi ne dokar ta kuma ba makaranta damar amfani da ranar aikin ƙarshe, kuma makarantar intanet tana da wannan rana a rubuce har da minti. Kada ki ɗora makomarki a kan cewa kwamfuta za ta manta.

Ba zan ruɗe ki ba: idan makarantarku mai ɗaukar rajista ce, ko kin cike takardar janyewa, da ranar aikin ƙarshe za a yi lissafin kuɗin. Takardar ba ta goge wancan lissafi. Ribarta a wani wuri take. Da ita kike samun W, wanda ba ya taɓa matsakaicin makinki. Wanda aka cire saboda shiru kuwa, wasu makarantun W suke ba shi, wasu F (faɗuwa), wasu WF (janyewa da faɗuwa) da ake lissafa shi kamar F, ya danganta da dokarsu da kuma ko ranar ƙarshe ta janyewa ta wuce. Da zarar kwasa-kwasanki duka sun fito F, ofishin tallafi zai bincika ya ga ko faɗuwa kika yi ko ɓacewa, a dawo kan lissafin da aka gudu. To wai W yana ɓata sakamako? Abin da yake yi shi ne yana shiga cikin kwasa-kwasan da kika gwada ba ki kammala ba, kuma yawancin makarantu suna so ki kammala kusan kashi 67 na abin da kika ɗauka, da matsakaicin maki 2.0, kafin tallafi ya ci gaba. W yana taɓa sharaɗi ɗaya, F yana taɓa biyun. Duk wanda ya ce miki F ya fi W sauƙi bai taɓa zama a kwamitin ɗaukaka ƙara ba.

Ita kuma takardar likita da za a kai daga baya "a goge komai", wannan ita ta fi ba ni haushi. Janyewa saboda rashin lafiya bayan zango ya wuce alfarma ce da makaranta take yi bisa dokarta, da wa'adinta, da kwamitinta. Ana samu, na ga an samu, kuma rashin lafiya yana cikin dalilan da ake karɓa wajen ɗaukaka ƙara idan an dakatar da tallafi. Amma ko an amince an mayar da F ya zama W, kuɗin da aka riga aka mayar wa gwamnati ba ya dawowa. Kuma kwamiti ya fi sauraren wadda ta rubuto tana gadon asibiti fiye da wadda ta bayyana bayan wata huɗu da takarda a hannu. Haka nan ki yi nesa da masu tallar "za mu riƙe miki aji" a kan kuɗi. Wasunsu, bayan sun karɓi kalmar sirri, su ne suke dawowa da barazanar tona asiri idan ba a ƙara musu ba.

Laifin ba na anti kaɗai ba ne. Mu ma a makarantu mun raba ɗalibi gida huɗu: malami, mai ba da shawara, ofishin tallafin kuɗi, da ofishin masu buƙata ta musamman, kuma sau da yawa wannan bai san abin da aka gaya wa wancan ba. Ɗaliba za ta yi wa malami bayani, ya ce Allah ya sauwaƙe da turancinsa, ta ɗauka ta sanar da makaranta, alhali na'ura tana can tana ƙirga kwanaki. Shi ya sa komai ki yi shi a rubuce, ta adireshin imel na makaranta, ga kowane ofis daban.

Babban abin da kika bari ya wuce ki shi ne haƙƙinki. Sashe na 504 na dokar 1973, wanda ya hana nuna wa masu naƙasa bambanci, ya hau kan duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, taku kuwa tana karɓa tun da Pell kike ci. Ga kuma dokar ADA ta 1990, ta kare haƙƙin masu naƙasa a Amurka. Gyaran da aka yi mata a 2008 ya fito fili cewa ciwon da ke tashi ya lafa yana cikin abin da doka ta kare, muddin yana hana mutum harkokinsa a lokacin da ya tashi. Sikila ke nan. Sai dai a matakin kwaleji babu mai zuwa nemanki. Ke za ki kai kanki ofishin masu buƙata ta musamman, ki kai takardar likitan jininki da ke bayyana yadda ciwon yake shafar karatu, a zauna a tsara sassauci: ƙarin kwanaki wajen miƙa jinga idan ciwo ya tashi, sake ranar jarrabawa, hutu a tsakiyar jarrabawar da ake sa ido ta kyamara don shan ruwa da magani, ko rage yawan kwasa-kwasai. Ba za su sauke ainihin abin da kwas yake buƙata ba, kuma a ƙa'ida sassauci daga ranar da aka amince yake fara aiki, ba ya komawa baya. Da an yi wannan a makon farko, da kwanakin nan 12 suna da tsarin da za su faɗa ciki.

Na san abin da ya hana ki faɗa. A gidajenmu ana ɓoye sikila saboda maganar aure da bakin mutane, har yarinya ta tashi tana ganin ambatonsa tonon asirin iyali ne. Iyaye, ku ji tsoron Allah, wannan ɓoyon 'ya'yanku ne suke biyan kuɗinsa da dala. Wasiƙar da ofishin yake aika wa malamai sassaucin kawai take lissafawa, ba ta ambaton sunan ciwo, ba ya fitowa a takardar sakamako, kuma dokar FERPA ta 1974 ta taƙaita wanda zai ga bayanan ɗalibi. Babu wanda zai ji a masallacin unguwa.

Yau ɗin nan, idan jiki ya yarda, ki shiga da kanki ki yi aiki na gaske ko da ƙarami ne a kowane kwas, rubutu a dandali ko gwajin da bai rufe ba. Idan bai yarda ba kada ki matsa wa kanki, ki sa ƙaninki ya rubuta imel daga bakinki kina kallo. Ki gaya wa malamai ranar da aka kwantar da ke, ki nemi ƙarin lokaci. Ki buɗe fayil a ofishin masu buƙata ta musamman ko da takardar likita ba ta iso ba, ki tambaye su ko suna ba da sassaucin wucin gadi. Ofishin tallafi kuma ki yi musu tambaya biyu kafin ki sa hannu a komai: nawa za a bi ni idan na janye gaba ɗaya, nawa kuma idan na ajiye wasu kwasa-kwasai na riƙe sauran? A zangon da duk kwasa-kwasai suke tafiya tare daga farko zuwa ƙarshe, wadda ta riƙe ko ɗaya ba a ɗaukarta ta bar makaranta, don haka wancan lissafin mayar da kuɗi ba ya tashi. Ki dai lura da kiredit 6 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwasa-kwasan da kika ɗauka), wanda a yawancin makarantu shi ne rabin lokaci, ƙasa da shi agogon biyan bashi yake fara tafiya. Idan kuma kika nemi sassauci aka hana ki ba tare da dalili ba, akwai hanyar ƙorafi a cikin makarantar, sannan Ofishin Kare Haƙƙin Jama'a na Ma'aikatar Ilimi yana karɓar ƙara cikin kwana 180 daga ranar da abin ya faru.