Amsa: Yadda ake raba gado da riƙon marayu a da

Ɗan'uwa, ka tambaya wa ke riƙe kason marayu a zamanin kakanninmu, tunda babu banki.

Ba a gaggawar rabo. Sai an cire kuɗin likkafani, an biya bashi, an zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi. Sannan alƙali ko malamin gari ya zauna, a ƙiyasta komai, har akuya da tukunyar tagulla. Matan mamacin, in akwai 'ya'ya, tumuni (kashi ɗaya cikin takwas) ne nasu, ko su huɗu ne.

Kason maraya yana hannun wasiyyi, wato wanda aka damƙa wa amanar marayu, galibi baffa. Gona dai akan bar ta a gandu, ana ciyar da yaran daga hatsinta. Kuɗi kuwa akan mayar da su tumaki ko saniya, a ba Bafillace kiwo. Kakata ta ce da tinkiya biyu na gadonta aka yi mata kayan ɗaki.

In yaro ya balaga, aka ga hankalinsa, sai a miƙa masa a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 6 cikin Suratun Nisa'i ta umarta.

Kada dai ka ɗauka kowa adali ne. Akwai baffannin da gonar ta maƙale a hannunsu, musamman kason 'ya'ya mata, kunya ta hana a kai ƙara.