Zafin fitsari yana dawo mini duk bayan kwanciyar aure, ina mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce, shekaruna 27, 'ya'yana biyu. A cikin shekarar nan sau huɗu ke nan ina kamuwa da zafin fitsari, kuma kusan kullum kwana ɗaya ko biyu bayan mun sadu da maigida yake tasowa. Fitsari ya dinga matsa mini, in je in yi ɗan kaɗan yana ƙuna, marata ta ɗaure. Na sha Cipro da Flagyl daga kemis, na sha na gargajiya, ina tsarki da ruwan ɗumi da Dettol, ina kuma yin matsi. An ce mini sanyi ne na ɗauka a banɗaki, don muna haɗa banɗaki da abokiyar zamana, shi ya sa yanzu ba na yin fitsari a ko'ina sai na dawo gida. Wallahi Likita na fara gudun shimfiɗar mijina, shi kuma ya fara fushi. Shin wannan ciwo yana warkewa? Zai hana ni sake haihuwa?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya. Ki kwantar da hankalinki, wannan ciwo yana jin magani, kuma ciwon mafitsara shi kaɗai ba ya hana haihuwa. Idan mace ta kamu sau 2 cikin wata 6, ko sau 3 cikin shekara, mu a asibiti mukan ce nata mai dawowa ne, kuma akwai tsarin da ake bi da ita daban da wadda ta kamu sau ɗaya. Ke kin shiga wannan sahu.

Yadda kika ce yana biyo bayan saduwa shi ne babbar alama. Bututun fitsarin mace bai wuce santimita 4 ba, na namiji kuwa ya kai kusan 20, sannan bakinsa yana maƙwabtaka da farji da dubura. Ƙwayar cutar da ke haddasa kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan ciwo, E. coli, a cikin hanjinki take zaune, kamar yadda take a hanjin kowa. Gugar da ake yi lokacin saduwa ce ke tura ta cikin bututun, ta hau mafitsara, ta hayayyafa a kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa amare da yawa suke fama da shi a watannin farko na aure.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar banɗaki, domin babu ranar da zan zauna a ɗakin duba marasa lafiya ban ji ta ba, kuma ta yi wa mata illa fiye da cutar kanta. Ba a banɗaki kika ɗauko wannan ciwo ba. Ƙwayar cuta ba ta da fiffike, ba ta tashi daga ramin masai ta shige jikin mace, kuma tururin masai ko warinsa ba ya sa ciwon mafitsara. Abokiyar zamanki ba ta sa miki komai ba. Na ga gidajen da aka yi wata da watanni ba a gaisawa saboda wannan zargi, na ga amaryar da aka ware wa buta da bokiti kamar mai kuturta, alhali ko ita kaɗai ce a gidan da banɗaki mai tayil, ciwon zai iya zuwa.

Ki duba abin da wannan jita-jita ta sa ki yi. Kin daina fitsari a waje. Ki tafi biki tun azahar, ko kasuwa, ko makaranta, ki matse fitsari har magariba, kuma na san don kada ya matsa miki kina rage shan ruwa. To fitsari shi ne abin da ke wanke mafitsara. Duk sa'ar da ya kwanta a ciki, ƙwayoyin cutar da suka shiga suna ninkuwa, domin E. coli idan ta sami wuri mai ɗumi tana iya ninka yawanta cikin ƙasa da sa'a guda. Tsoron banɗaki ya sa kin ba ta masauki da lokaci.

Sai tsarki da Dettol. Tunda an gaya wa mace datti ne ya shige ta daga waje, sai ta tashi wanke ciki da duk abin da ta samu: Dettol, sabulun wanka mai ƙamshi, ruwan gishiri, ruwan bagaruwa, alif, wata har da yatsa take kwakulowa. Gaban mace yana da nasa masu gadi, wasu ƙwayoyi masu amfani da ake kira Lactobacillus, waɗanda ke sa wurin ya kasance da ɗan tsami yadda E. coli ba ta jin daɗin zama. Dettol ba ya bambance mai gadi da ɓarawo, duka yake kashewa, kuma an yi shi ne don rauni da share ƙasa. Idan masu gadin suka mutu, ƙwayoyin hanji su ne ke fara mamaye bakin farji, daga nan kuwa taku ɗaya ne zuwa bututun fitsari. Matsi ya fi wannan muni. Garin da aka daka a inda ba ki gani ba, aka ƙulla a leda, aka cakuɗa da miski ko zuma ko man da ba a san asalinsa ba, ki cusa shi ki kwana da shi. Alif da makamantansa suna busar da wurin, bushewa tana ƙara guga lokacin saduwa, fata ta yi ƙananan tsaga, ciwon ya sami ƙofa. Na sha ciro dunƙulen matsi da ya kwana uku a jikin mace, ya yi baƙi yana wari, ita kuma tana rantsuwa maganin sanyi ne ta saya da kuɗi masu yawa.

Kalmar "sanyi" ɗin nan ita ce jarin masu wannan kasuwa. Mai mota da lasifika a bakin kasuwa, da mai talla a TikTok da WhatsApp, sun tattara cututtuka daban-daban sun zuba a buhu ɗaya: zafin fitsari, ƙaiƙayin gaba, farin ruwan da kowace mace lafiyayya ke gani a tsakiyar wata, ciwon baya, rashin haihuwa, har da kasala. Duk sanyi ne, kuma jarka ɗaya ce maganinsu. Wannan ƙarya ce, kuma tana ɓata mini rai ƙwarai. Ciwon mafitsara daban. Ƙaiƙayi da farin abu mai kama da kindirmo daban, naman gwari ne ke kawo shi. Ruwa mai ƙarni daban. Cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, irin su gonoriya da kilamidiya, su ma daban, kuma su ne waɗanda idan aka bar su suke toshe hanyar ƙwai su hana haihuwa. Kowanne da gwajinsa da maganinsa. Wanda bai duba fitsarinki ba, bai tambaye ki komai ba, ta yaya ya san wanne ne a jikinki?

Kemis ɗin ma ya shiga wannan sahu idan ya haɗa miki kafso kala uku a farar leda ba tare da takardar likita ba. Flagyl ba ya kashe E. coli ko kaɗan, ɗacinsa kawai kika sha. Cipro kuwa magani ne mai ƙarfi da ya kamata a adana don ciwon da ya hau ƙoda, kuma tun 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a riƙa ba da irinsa a ciwon mafitsara mai sauƙi idan akwai wani zaɓi, saboda illar da yake yi wa jijiyoyi. Kin sha na kwana biyu, zafi ya lafa, kin ajiye. Ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, su za su dawo. Sannan maganin ya kashe masu gadin nan na gabanki, naman gwari ya samu fili, ƙaiƙayi ya taso, ki ce sanyi ya dawo, ki koma kemis a ƙara miki wani kafso. Haka ake ta zagaye. Yau a asibitocinmu mukan karɓi sakamakon gwaji mu ga Septrin ba ya aiki, Ampiclox ba ya aiki, Cipro ba ya aiki, sai allura mai tsada, a jikin matar da ciwonta da farko na kwana biyar ne.

Ga abin da nake so ki yi. Ranar da zafin ya sake tasowa, kafin ki haɗiyi ko ƙwaya ɗaya, ki je asibiti a rubuta miki gwajin shuka fitsari, wanda ke nuna sunan ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta. Za a ba ki 'yar kwalba mai murfi. Ki yi tsarki da ruwa zalla, ki bar farkon fitsarin ya zuba, ki tari na tsakiya, ki miƙa shi a ɗakin gwaji nan take, kada ya wuni a jaka. Sakamako kan fito cikin kwana 2 zuwa 3. Idan shukar ba ta nuna komai ba alhali kina jin ƙuna, to sai a duba gabanki a nemi cututtukan saduwa, kuma a nan ne kaɗai ake haɗa ku da maigida, da abokiyar zamanki in akwai buƙata, a yi muku magani tare. A ciwon mafitsara na E. coli ba a ba miji magani. A gwada miki suga ma, kuma idan kina ganin jini a ƙarshen fitsari kuma kin taɓa wanka ko wanki a rafi ko dam, ki faɗa, a duba tsargiya.

Ruwa shi ne kariyar da ta fi arha kuma an gwada ta. A wani bincike da aka wallafa a 2018, an ɗauki mata 140 masu irin matsalarki waɗanda ba sa shan ruwa sosai, aka ce rabinsu su ƙara lita ɗaya da rabi a kullum har shekara guda. Waɗanda suka ƙara ruwan, yawan kamuwarsu ya ragu da kusan rabi. Lita ɗaya da rabi ledar fiyawata uku ce kacal, a kan abin da kika saba sha. Da zafin watan Maris da Afrilu ki ƙara, da azumi kuma ki raba shi tsakanin buɗa-baki da sahur. Fitsarinki ya zama fari-fari, idan ya yi ja kamar shayi ruwan bai isa ba. Da ya matsa miki ki je ki yi, ko a banɗakin tasha ne. Ki tsuguna, ki ba shi lokaci ya fita duka.

Bayan saduwa ki tashi ki yi fitsari kafin barci ya ɗauke ki. Wajen tsarki ki fara da gaba, sannan baya, kada hannun da ya taɓa baya ya dawo gaba, kuma ruwan buta zalla ya wadatar, a waje kawai. Idan bahaya yana yi miki tauri ki gyara da ganye da 'ya'yan itace. Idan kuna amfani da kwaroron roba mai maganin kashe maniyyi, ko ƙwayar tazarar haihuwa da ake cusawa a gaba, ki gaya wa likita a sauya miki, don an tabbatar suna ƙara wannan ciwo. Idan bushewa kike ji, musamman in kina shayarwa, akwai man saduwa na ruwa a kantin magani, kuma maigida ya daina gaggawa. Ki zauna da shi ki yi masa bayanin cewa ciwo ne ke sa ki ja baya, in da hali ya rako ki asibiti ya ji daga bakin likita. Maza da yawa suna sauka daga fushi idan suka gane haka.

Idan kin yi duk wannan wata uku ya ci gaba da dawowa, muna da mataki na gaba. Ga mace irinki da nata ke bin saduwa, likita kan rubuta ƙwaya ɗaya tak, sau da yawa Nitrofurantoin, ki sha bayan kowace saduwa, kuma yana rage dawowar ciwon sosai. Amma sakamakon shukarki ne zai zaɓi maganin, kuma Nitrofurantoin bai dace da mai ƙarancin sinadarin G6PD a jini ba, wanda ya yawaita a tsakanin mutanenmu, haka mai ciwon ƙoda da mai cikin da ya kusa haihuwa. Don haka kada ki karanta sunan a nan ki aika yaro kemis. Akwai kuma Methenamine, wanda ba ya cikin magungunan da ƙwayoyin cuta ke saba wa da sauƙi, kuma wani bincike a Birtaniya a 2022 ya nuna kariyarsa ta yi kusa da ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kullum.

Idan zazzaɓi da rawar sanyi suka shigo, ko ciwon kwiɓi, ko amai, ciwon ya hau ƙoda, a ranar za ki je asibiti ko da tsakar dare ne. Haka idan kin sami ciki, ko zafin kaɗan ne kada ki jira ranar awo, domin a mai ciki yana saurin hawa ƙoda kuma yana iya jawo naƙuda kafin lokaci. Ranar da za ki zo, ki zuba ragowar magungunan kemis ɗin da kayan matsin a leda ki taho da su, likita ya ga abin da jikinki ya riga ya sha kafin ya rubuta wani.