Da na riƙe makirfo sai bakina ya bushe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ɗora mini jawabin godiya a madadin ɗalibai ranar walimar saukarmu, saura mako uku. Matsalata, da zarar na tsaya gaban jama'a sai gabana ya riƙa dukan uku-uku, bakina ya bushe, abin da na haddace ya gudu. Ina mafita? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun, ɗan'uwa. Faɗuwar gaban nan ba ciwo ba ce. Idan idanu suka yi wa mutum caa, jiki kan saki sinadarin adirenalin kamar an gamu da haɗari, shi ne zuciya ke sauri, yawu ya ƙafe. Yakan lafa jim kaɗan bayan an fara magana. Kafin a kira sunanka ka kurɓi ruwa, ka ja numfashi a hankali sau uku ko huɗu.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne haddar da ka ambata. Jawabi ba hadda ba ne. Wanda ya haddace shi kalma-kalma, idan ɗaya ta kuɓuce sauran sai su bi ta, kuma babu mai ɗora masa kamar a karatu. Jimlar buɗewa da ta rufewa kawai za ka haddace. Tsakiyar kuwa, ka rubuta kanunta a 'yar takarda: malamai, iyaye, ƙannen da ke tafe. Ƙarƙashin kowanne ka tanadi abu guda da ya faru da gaske. Ka ce "malamanmu sun sha wahala", kowa ya saba ji. Ka ce akwai malamin da ke zuwa cikin hunturu da asuba don ya saurari tilawarku, nan take za ka ga iyaye sun ɗago kai.

Malaman balaga sun ce ita balaga dacewar magana ce da halin da ake ciki. To, dubi halin: iyaye sun daɗe a zaune cikin rumfa, yara na kuka, abinci na jira. Minti uku ya ishe ka. Muslim ya ruwaito daga Ammar ɗan Yasir cewa tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum. Huɗuba ke nan, balle godiya.

Kana iya neman jawabin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1 ga Oktoba, 1960 ka saurara. Turanci ne, amma ba kalmomin nake so ka kama ba, tafiyar muryar nake nufi. Ba ya gaggawa, yakan dakata bayan magana mai nauyi har ta zauna. Malamin makaranta ne tun asali, ya san ba a cusa wa kunne abu da gudu. Mai jin tsoro kuwa sauri yake yi don ya rabu da wurin, saurin ne ma ke sarƙe masa harshe.

Batun gaishe da manyan baƙi, a nan ne masu jawabinmu ke ƙone rabin lokacinsu, abin har da ban haushi. Ka taƙaita, amma ka tabbatar da sarautar kowa tun kafin ranar. Ka kira hakimi dagaci, ba za a tuna sauran abin da ka faɗa ba.

A makonnin nan ka riƙa gwadawa a tsaye, da murya sama, gaban mutum biyu ko uku na gida. Ka ɗauka a waya ka saurara, za ka ji "eh to" nawa ka jera. Ranar kuma ka zaɓi fuskoki uku, dama da tsakiya da hagu, ka riƙa yi musu magana kamar hira. Kafin ka miƙe ka karanta addu'ar Annabi Musa a Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, inda ya roƙi a kwance ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa.