Amsa ga ƙanwarmu kan sabunta katin soshiyal bayan samun girin kad ta hanyar aure

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa na wannan zaure, da fatan kowa ya wuni lafiya. Wannan saƙo amsa ce ga ƙanwarmu da ta yi tambaya jiya da daddare. Ta ce mijinta ɗan ƙasar Amurka ne, girin kad ɗinta, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, ya iso a makon jiya, amma katin Social Security (katin soshiyal, mai ɗauke da lambar da ake rubuta albashi da harajin mutum a ƙarƙashinta) da aka ba ta tun tana aiki da takardar izinin aiki yana ɗauke da wani rubutu a samansa, don haka tana so ta san ko sabuwar lamba za a ba ta, ko kuwa ta ci gaba da riƙe shi haka nan. Da farko dai, ƙanwata, ina taya ki murna. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya da maigidan naki.

Lambarki ba za ta canja ba. Alƙaluman nan guda 9 da aka ba ki tun farko su ne naki har ƙarshen rayuwa, kuma duk harajin da aka cire daga albashinki a baya yana nan a rubuce a ƙarƙashinsu. Abin da zai canja abu biyu ne: rubutun da ke jikin katin, da kuma bayanin matsayinki da ke cikin kwamfutar hukumar soshiyal, wadda ke ba da katin. Katin soshiyal iri uku ne. Akwai wanda ba ya ɗauke da komai sai suna da lamba, wanda ake ba 'yan ƙasa da masu girin kad. Akwai wanda aka rubuta cewa ba a aiki da shi sam. Sai kuma irin naki, mai cewa “VALID FOR WORK ONLY WITH DHS AUTHORIZATION”, wato ba ya aiki sai an haɗa shi da izinin ma'aikatar tsaron cikin gida. Yanzu kin fita daga wannan rukuni, kin cancanci na farkon, ko da kuwa girin kad ɗinki na shekara 2 ne. Na faɗi haka ne saboda na sha jin mata suna cewa wai sai sun sami na shekara 10 kafin su je a canja musu katin soshiyal, kuma wannan kuskure ne. Wanda aurensa bai cika shekara 2 ba a ranar da aka amince masa, na shekara 2 mai sharaɗi ake ba shi, amma a wajen hukumar soshiyal shi ma mazaunin dindindin ne kamar kowa.

Kafin ki fita daga gida, duba kwafin fom ɗin I-485, na neman girin kad, da kuka cike ke da maigida. A cikinsa akwai inda ake tambaya ko kina so a aiko miki da katin soshiyal, kuma waɗanda suka shigo da bizar aure daga gida, ta Legas ko Yamai ko Akara, sun ga irin wannan tambaya a fom ɗin neman bizar, wato DS-260. Idan kin amsa da e, mai yiwuwa katin ya zo da kansa ta gidan waya. Amma shawarata ita ce, idan mako uku ya wuce bayan isowar girin kad ba ki ga komai a akwatin wasiƙunki ba, kada ki ci gaba da zaman jira, ki je ofishin soshiyal da ƙafarki.

Fom ɗin da za ki cike sunansa SS-5, shafi ɗaya ne, kuma kyauta ne. Ina nanata wannan saboda akwai masu shafuka a intanet, har da wasu a cikin unguwanninmu, da ke karɓar kuɗin mutane don su cike musu shi, alhali hukumar ba ta karɓar ko sisin kwabo. Tun watan Janairun 2025 ofisoshinsu suna so mutum ya nemi a sa masa rana kafin ya je, don haka ki kira lambar hukumar, 1-800-772-1213, a ba ki lokaci. Idan Turancin yana yi miki nauyi, ki nemi tafinta, suna bayarwa ba tare da biyan kuɗi ba.

A cikin fom ɗin akwai layin da nake roƙon kowa a zauren nan ya kula da shi sosai, wato inda ake tambayar matsayinki a ƙasa. Gurbin da za ki zaɓa shi ne mai cewa “Legal Alien Allowed To Work”, ma'ana baƙuwa mai zama bisa doka wadda aka yarje wa yin aiki. Kada hannunki ya kai ga gurbin 'yar ƙasa. Auren ɗan ƙasa bai mayar da ke 'yar ƙasa ba, girin kad ma haka, kuma da'awar zama ɗan ƙasa bisa ƙarya tana cikin manyan laifuffukan da ke rushe wa mutum takardu gaba ɗaya a dokar shige da fice ta Amurka. Ko a ofishin lasisin tuƙi idan an tambaye ki ko za ki yi rajistar zaɓe, ki ce a'a har sai ranar da kika yi rantsuwar zama 'yar ƙasa.

Takardun da za ki riƙa su ne girin kad ɗinki na ainihi, da fasfo, da tsohon katin soshiyal, da takardar aure idan kina son canja suna. Dukkansu na asali ake so. Ni da kaina na je da kwafin takardar aurena wanda na kai aka buga masa hatimin notari, wato jami'in da ke shaida takardu, ina ganin na gama shiri. Na zauna kusan awa biyu da 'yar takardar layi a hannuna da goyo a bayana, da aka kira ni ma'aikaciyar ta juya takardar gaba da baya, ta turo mini ita ta ƙasan gilashi, ta ce sai dai ta asali ko wadda ofishin da ya ba da ita ya tabbatar da kansa. Haka na koma gida na sake neman wata ranar. Idan kuma katin girin kad bai iso ba amma an buga miki hatimin I-551 a fasfo, mai tsayawa a madadin girin kad na ɗan lokaci, wannan hatimi shi ma shaida ne.

Maganar suna ita ce inda mu Hausawa muka fi samun tangarɗa, kuma a nan nake so ki natsu. Yawancinmu sunan mahaifi ko na kaka ko na gari ne a matsayin sunan ƙarshe, kuma sau da yawa rubutun ya bambanta daga takarda zuwa takarda: a fasfo Mohammed, a takardar makaranta Muhammad, a wani wurin A'isha da waƙafi, a wani Aishatu. Hukumar soshiyal tana tura bayananki ne zuwa hukumar shige da fice ta wani tsarin kwamfuta da ake kira SAVE, kuma idan komai ya dace, nan take ake tabbatarwa, katin ya zo ta gidan waya cikin kamar mako biyu. Idan harafi ɗaya ya saɓa, sai an bi ta hannu, kuma hakan yana iya ɗaukar makonni. Saboda haka ki kwafi sunanki a fom ɗin harafi da harafi kamar yadda yake a girin kad. Idan girin kad ɗin ne ya zo da kuskure, a hukumar shige da fice za ki fara gyara da fom ɗin I-90, na neman sake katin. Game da ɗaukar sunan miji kuwa, babu dokar da ta tilasta miki. A al'adarmu da addininmu mace tana riƙe sunan mahaifinta, ni ma nawa na riƙe, kuma a ganina hakan ya fi sauƙi domin fasfonki na gida da sauran takardunki duk za su zauna da suna ɗaya. Amma idan kin zaɓi canjawa, to ki bi su ɗaya bayan ɗaya har su dace, kada ki bar banki da wani suna, soshiyal da wani.

Akwai masu jin tsoron cewa wannan canji zai cinye musu adadin katin da aka yarda a sake wa mutum. Gaskiya ne akwai iyaka, sau 3 a shekara, sau 10 a tsawon rayuwa, amma canjin da aka yi saboda sauyin matsayi ko sauyin suna ba ya shiga lissafin.

Batun wurin aiki kuma, ba sai kin jira sabon katin ba. Girin kad shi kaɗai ya wadatar a fom ɗin I-9 da ake cikewa wajen ɗaukar ma'aikaci, don haka ki kai shi ofishin ma'aikata na wurin aikinki su gyara bayananki tun kafin tsohuwar takardar izinin ta ƙare. Amfanin sabon katin yana fitowa ne ranar da girin kad ya ɓace ko ake jiran sabuntawa, domin katin soshiyal marar sharaɗi tare da lasisin tuƙi sun isa a ɗauke ki aiki, shi kuwa mai rubutun nan ba a karɓarsa a wannan fom. Ke da kike da na shekara 2, wannan ya shafe ki kai tsaye, tunda a cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare za ku cike I-751 don cire sharaɗin, kuma jiran amsarsa yana yin tsawo.

Idan katin ya iso, kada ki kai a manne shi da leda, kuma kada ki riƙa yawo da shi a jaka. Ki haddace lambar, ki adana shi tare da fasfo. Duk wanda ya kira ki a waya ya ce an dakatar da lambarki sai kin biya kuɗi, ɗan damfara ne, ki kashe wayar. Ki tabbatar sunanki yana jikin akwatin wasiƙun gidanku, musamman idan a bene mai gidaje da yawa kuke, kuma idan kuka tashi ki sanar da hukumar shige da fice sabon adireshi cikin kwana 10. Ki riƙe rasit ɗin da za su ba ki a ofis, idan wata guda ya cika katin bai zo ba ki koma da shi. Ranar da Allah ya nufa kika zama 'yar ƙasa, wanda matar ɗan ƙasa ke iya nema bayan shekara 3 da girin kad muddin suna tare, za ki sake komawa ofishin soshiyal su gyara matsayinki a karo na ƙarshe. Ki gaida maigida da yara. Wassalamu alaikum.