Kada ka taɓa rasistocin nan biyu

Ka ce ka gama haɗa makirfonka da akwatin wutarsa. Da ka auna bakin akwatin ba komai a jone, mita ta nuna bolt 48, da ka cusa makirfo sai ta faɗo 34, ga wani gurnani a lasifika da ba ya yankewa. Kana tambaya ko ka cire rasistoci biyun da ke kan hanyar wutar don 48 ɗin ta isa cif. Kul! Ajiye ƙarfen dalmar nan ka zauna. Da wata tambaya ce da na ce je ka yi tunani, amma wannan ta fama mini tsohon miki.

Wutar fantom, wato wutar da akwatin ke tura wa makirfo ta cikin kebul ɗinsa, haka aka tsara ta tun 1966, lokacin da kamfanin Neumann na Jamus ya fito da ita. Bolt 48 na bi ta rasista biyu, kowace 6.8k, wato om 6,800, ɗaya zuwa ƙafa ta 2 ta XLR, filogin makirfo mai ƙafa uku, ɗaya zuwa ta 3, ƙafa ta 1 kuma ita ce ƙasa. In makirfonka na shan miliyamfa 4, kowace ƙafa na ɗauke da 2. Ninka 2 da 6.8, bolt 13.6 ke nan suka zube a kan rasista. Cire daga 48. Nawa ya rage? To mitarka ba ta yi ƙarya ba, akwatinka ma lafiyarsa lau ta wannan wajen. Lissafi ne na ɗan firamare, amma ku yaran yanzu gara ku kalli bidiyon minti uku a waya da ku ɗauki biro. A kan wayoyin nan biyu, na ƙafa ta 2 da ta 3, sauti ke dawowa. Ka cire rasistocin, ka haɗe ƙafa ta 2 da ta 3 wuri guda ke nan, sauti ya mutu, kuma babu sauran abin da zai tare wuta in waya ta taɓa waya. Da su a wurin, ko shot aka samu, abin da zai bi kowace ƙafa kusan miliyamfa 7 ne kawai.

Akwai wani mai situdiyo da ya taɓa zuwa ya ce in haɗa masa makirfo mai babban kafsul, wato ɓangaren da ke kama sauti, da akwatin wuta, don miksarsa tsohuwa ce ba ta da fantom. Mutum mai ladabi, Oga kaza, Oga kaza, har da rusunawa. Ya ba da kafin alƙalami, muka yi da shi sauran sai ya gwada. Kafsul ɗin da na sa masa ajiyata ce, na daɗe ina tattalinsa don makirfon kaina. Fatarsa ba ta wuce kaurin maikuron 6 ba, an fesa mata ruwan zinare, in ka karkata ta a haske sai ka ga fuskarka tar, ba ɗigon ƙura ko ɗaya. Rasistocin 6.8k kuwa zama na yi da mita na tsince su daga cikin tuli, sai da na sami biyu da suka zo daidai wa daida. Na gwada a gabansa, ya sa abin ji a kunne, ya ce har numfashina yana ji daga ƙarshen ɗaki. Ya ɗauka ya tafi.

Shiru, shiru, ba kuɗi ba labari. In na kira, gobe. Can sai ga shi da wani ƙaninsa wai shi ma injiniya ne, da mita a aljihu. Ya dire mini kayan a kan tebur, ya ce tun ranar da ya kai makirfon bai taɓa yin magana ba, kuma ƙaninsa ya auna ya ga 34, wato na cuce shi, na sayar masa da akwati mai raunin wuta. A gaban yarana ya faɗi haka, da ƙarfi.

Na buɗe akwatin. Rasistocina babu, an sa guntun waya a madadinsu, da wani curin dalma baƙi ƙirin wanda ko ɗan koyo na makon farko ba zai yi ba. Na buɗe makirfon, ƙauri ya buge ni. Dayod ɗin zena ya tsage, tiransistocin fita biyu sun tafi, bod ɗin ya yi baƙi a kusurwa. Duk wannan da na gyara a yini guda, ban damu ba. Sai na kwance ragar kai, wadda ta rufe kafsul. Wallahi kafsul ɗin da ke ciki ba nawa ba ne. Wani tarkace ne mai shatin yatsa a tsakiyar fatar, sukurorinsa ma ba su zo ɗaya ba. Sun ƙona kayan da jahilci, sannan suka zare abu mai daraja suka cusa mini shara, kuma suka zo neman in mayar da kafin alƙalami.

Na ce kafsul ɗin ba nawa ba ne. Ya ce ina shaida? Ba lamba a jiki, kalmata ce da tasa, shi kuma ya fi ni baki. Abin da ya fi ci mini rai, daga baya wani mawaƙi ya kunna mini waƙoƙin da ya ɗauka a situdiyon nan a daidai makonnin da aka ce makirfon bai taɓa aiki ba. Kunnena ya san aikin hannuna. Sauran kuɗina bai biya ba har yau, ya kuma bi masu situdiyo yana cewa akwatunana ba sa kawo wuta, har mutum biyu suka janye aikinsu. Na ji an ce kafsul ɗin yana nan a cikin wani gangar makirfo da ƙanin ya haɗa yana cewa aikinsa ne. Ban yafe ba, Allah ya isa.

Gurnanin kuma wata magana ce daban, ba ruwansa da 34. Ba zan tsaya koya maka yadda ake jera dayod huɗu ko inda ƙafar kafasita mai tsawo ke shiga ba, in ba ka san wannan ba me kake yi a wurina? Fara raba gardama: samo batir mai bolt 9 guda biyar, jera su, ka sami 45. Ƙa'ida ta yarda da 44 zuwa 52, don haka ya isa. Ciyar da makirfon da su ta rasistocin nan. In gurnani ya ɗauke, laifin akwatinka ne. In yana nan, bar akwatin ya huta, koma kan makirfo da kebul.

Koyi sauraro kuma. Wutar gida tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka 60. Gurnani mai kauri, can ƙasa, na 50 ne, shigowa yake daga waje: taransifoma ta yi kusa da wayar sauti, ko garkuwar kebul ta tsinke, ko ragar kai ba ta haɗu da ƙafa ta 1 ba. Taɓa gangar jikin makirfon da hannu. In ƙarar ta canza, ka kama ɓarawo. Yawanci fenti ne ke raba raga da jiki, sai ka kankare wurin sukuron har ƙarfe ya fito. Wanda ya fi siriri, mai zuzz, na 100 ne, wato tacewarka ba ta isa ba, ko wutar da ke shiga regileta, mai daidaita bolt, ba ta ɗara 48 da abin kirki ba, sai ta riƙa nutsewa. Na kuma ga regileta LM317 ka sa. Bolt 40 kawai take jurewa tsakanin shiga da fita, ranar da bakin akwatin ya yi shot kafin rasistoci ta tafi. TL783 aka yi wa wannan aikin, tana ɗaukar 125. Kafasitocin da ke ganin 48 kada su gaza masu bolt 63. Rasistocin 6.8k in ba su zo daidai da juna ba, duk dattin da ya rage a wutar ta nan zai sulale cikin sauti.

In ka kashe gurnani sai ka ji wani tas-tas kamar ana soya abu, tun yanzu in gaya maka inda yake. Mahaɗar kafsul da ƙafar get ta tiransistar FET da rasistar gigaom 1, wurin nan ba ya son maiƙon dalma, ba ya son gumin yatsa, ba ya son laima. Ɗaga mahaɗar a iska ko ka ɗora ta kan tefulon, robar da wuta ba ta bi, kada ta kwanta a bod. Wanke da sifirit mai kyau, bar shi ya bushe sarai. Kada ka ɗora mita a wurin ka dawo kana ce mini wutar kafsul ta ɓace. Cikin mitarka megaom 10 ne, a bayan gigaom kusan kashi ɗaya cikin ɗari za ta nuna maka. Kafin rasistar ake aunawa. Kuma in na sake ganin ka hura iska a kafsul wai kana gwaji, ranar za ka bar shagon nan.

Je ka yi gwajin batir ɗin, ka rubuto mini abin da ka gani a ƙafa ta 2 da ta 3, kowace daban. In an gama, kafin makirfon ya fita ƙofar nan, ka karce alamarka a bayan kafsul, ka ɗiga jan fenti a kan kowane sukuro, ka ɗauki hoto, ka naɗi muryar mai shi da makirfon a gabansa. Kuɗi kuma a cika su kafin a miƙa kaya.