Amsar Baffa kan talotalon dajin da ke shiga gida

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, har da bidiyon da ka haɗo. Yaya maiɗakinka da jikokina, yaya kuma sanyin ƙasar? Mu nan sai godiyar Allah.

Ka ce tun da kuka bar Boston kuka koma ƙauye a yammacin jihar Masacusets, talotalon daji ke sauko muku tsakar gida kowace safiya, garke guda, yara suna watsa musu hatsi, yanzu kuma babban namijin ya fara bin maiɗakinka har bakin mota. Kana tambaya ko a al'adarmu abin dajin da ya shigo gida da ƙafarsa baƙo ne da ba a kora, ko kuwa rabo ne da Allah ya kawo a sa masa wuƙa. Na yi dariya, don na san ka da nama tun kana rarrafe. Amma da na sake kallon bidiyon na ga ƙaramar jikata tsaye da kwano a hannu, tsuntsun nan ya kusa kai mata kafaɗa, bakinsa daidai idonta, sai gabana ya faɗi.

Mu da muka tashi a bakin dajin Rugu ba mu san talotalo ba sai na kiwo, shi ma sai an shiga birni. Amma zama da abin daji kusa da gida mun san shi sarai. Shamuwa kan zo gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gidanmu, ta cika mana wuri da kashi, ba wanda ya isa ya ɗaga mata danƙo. Yaron da ya kuskura, kafin ubansa ya ji labari wani dattijon ya riga ya zane shi. Amma ban taɓa ganin wanda ya ba shamuwa abinci ba. Ta zo don kanta, ta ci farinta a gona, ruwa ya ɗauke ta tafi.

Zabin daji su ne suka fi kama da naka. Da kaka, in an kwaso dammunan gero an fara sussuka a bayan gari, sukan fito daga fadama da sassafe da kuma la'asar sakaliya, su tsaya can gefen masussuka suna tsintar abin da iska ta kwasa wajen sheƙa. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ita ke riƙe da dokar wurin. Takan ce: abin da iska ta ba su nasu ne, abin da ke hannunka naka ne, kada ku haɗa. Ba a watsa musu, ba a kuma kafa musu tarko a inda ake hango danga. Mai son nama ya jira rani, ranar da sarkin baka ya buga gangar farauta, ya bi sahu cikin daji.

Wata shekara, ina ɗan yaron da ake aike, wani mai awon gyaɗa ya zo daga birni ya sauka a zauren ƙarshen gari. Mutum ne mai fara'a, ba shi da mugunta, sai dai yana ganin mu ƙauyawa mun bar nama yana yawo a banza. Ya sayi dawa tiya biyu, ya riƙa zuba ta a layi tun daga masussuka har cikin dangarsa, kullum yana ɗan matso da ita. Aka faɗa wa Kakarmu, ta aika masa cewa ya bari. Ya ce wa ɗan aiken a gaida tsohuwa, hatsinsa ne. Zabin nan da a da ko tari ka yi sai su watse, suka fara shigowa tsakanin gidaje. Har bakin rijiya muka riƙa samun su, sun gauraya da zabin gida, suna shan ruwan da ya kwanta a kwami. Mu yara daɗi muke ji, muna ganin abin kallo ya zo mana har ƙofa.

Ranar da abin zai faru, da hantsi, garken ya shiga dangar mutumin, ya ja igiya asabari ya faɗo. Biyu kacal ya rufe. Sauran suka tashi gaba ɗaya, da wata ƙara da har yau ina jin ta a kunnena, ƙura ta turnuƙe, awaki suka tsinke turke. Suka nufi fadama, zabin gida kuma suka bi su, na gidanmu da na maƙwabta, kusan na unguwar duka. Da fari ba wanda ya damu, an ce yunwa za ta dawo da su. Magariba ta yi, aka ɗaga kai kan itatuwan da suke kwana, babu ko ɗaya. Nan fa mata suka fara salati. Ka san a lokacin zabi dukiyar mata ce, ƙwansu na damina shi ke sayen kwano da tasa na kayan ɗakin 'ya'ya. Akwai wata gwaggonmu da ta shekara uku tana tara garkenta saboda auren autarta, na gan ta zaune a ƙofar ɗaki ta rafka tagumi, ko tuwo ba ta taɓa ba.

Da asuba aka tashe mu, yara da samari, aka ce mu bi. Raɓa ta jiƙa mu har ƙugu, ƙarangiya ta cika mana wando. Muka same su a gindin wata kanya a bakin fadama, na gida da na daji a cakuɗe, ba ka bambanta su sai ta farin ƙirjin wasu ko jan zaren da mata ke ɗaura musu a ƙafa. Muka yi kiran da aka saba yi musu, muka kaɗa gero a ƙwarya. Sai su ɗaga kai su dube mu, na dajin su zabura, namu su bi. Mako guda ana wannan jeka ka dawo, abin da aka samu bai kai rabi ba. Da aka je gaban mai gari, mai awo ya ce shi bai taɓa tsuntsun kowa ba, dawarsa ya zubar. Babanmu ya ce masa: ai ba tsuntsu ka taɓa ba, tsoron da ke tsakaninmu da su ka cire, shi ke tsare mana namu. Mai awo ya biya abin da aka yanka masa, bai kuma sake sauka garin ba.

Da saƙonka ya zo na sa ƙanenka ya buɗe mini bayanin hukumar namun dajin jiharku a waya, na zauna na karanta da tabarau, ka san aikin malamin gona bai bar jikina ba. Abin da na gani ya ba ni mamaki, don maganar Kakarmu ce suka rubuta da Turanci: kada a ba su abinci. Talotalo tsuntsu ne mai bin girma a cikin garkensa, kowa ya san wanda ya fi shi. In ya saba da mutum sai ya sa shi a lissafin garken, ya fara gwada wa zai iya kora. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Namiji yakan kai kilo 8 zuwa 10, ga ƙaimi a ƙafa, kuma daga Maris zuwa Mayu, lokacin barbara, ya fi zafin kai. Zuwa bakin motar da yake yi ma, wataƙila hotonsa yake gani a jikin fenti ya ɗauka kishiya ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihin. A jihar nan taku an farauce su har suka ƙare ƙaf, na ƙarshe an kashe shi a 1851. Sai a 1972 da 1973 aka kamo guda 37 daga jihar Niyu Yok aka sake su a dazukan yamma, wajen da kake zaune. Daga waɗannan ne yau ake maganar kusan 30,000. Na ajiye wayar na yi shiru. Mu da muke da doka a bakin tsofaffi, ba takarda ba ɗan sanda, mun sare dajin mun yi gawayi, mun bi zabi da bindiga rani da damina har kan ƙwai. Yau yaro a garinmu sai ya yi aure bai ji kukan zabon daji ba, Rugu kuwa ka san ko wa ke cikinsa yanzu. Ku kuma na zamani kome kuka gani sai ku jawo shi kusa don a ɗauki hoto. Wa ya ce maka ana miƙa wa yarinya 'yar shekara 4 kwano ta tsaya gaban abin da ba a kiwata ba?

Batun wuƙa, naman halal ne, ban san malamin da ya hana ba. Amma ƙasar mutane kake. Can sai da lasisi, sai a lokacin da aka buɗe farauta, bazara da kaka, an hana jawo su da hatsi don a harba, an kuma hana harbi a ƙasa da ƙafa 500 daga gidan da mutane ke ciki sai da izinin mai gidan. Kada ka ja wa kanka abin da zai taɓa takardunka saboda romo.

Ko baƙo ne ko ba baƙo ba, wannan sai mun zauna, don tsofaffinmu ma ba bakinsu ɗaya ba a kan abin da ya shigo gida da kansa. Yanzu dai ka karɓe kwanon nan daga hannun yara yau, ka share duk tsabar da ta zube, ka rufe abin shara. Ka faɗa wa maiɗakinka in namijin talotalon ya taso mata kada ta juya masa baya da gudu, ta buɗe lema a gabansa ko ta ɗaga tsintsiya ta daka masa tsawa, ku duka ku riƙa yin haka har ya koma kiwonsa a bakin daji. In ya ƙi ji, ka kira hukumar, aikinsu ne. Ka gaida mini ita da kyau, ka ce Baffa ya ce sannu da fama.