Tambaya da Amsa: Na Sayo Tsohon Jirgin Faiba, Ta Ina Zan Fara Gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin Yauri ne a jihar Kebbi, kuma sana'ar fito na gada daga mahaifina. Bana na tattara abin da Allah ya hore mini na sayo tsohon jirgin faiba daga Legas, da niyyar jigilar 'yan kasuwa a tafkin Kainji. Da muka sauke shi daga mota sai na ga ƙasansa duk ya yi bororo, akwai tsaga mai tsawon kamu ɗaya a gefe, kuma bangon baya inda ake ɗaura inji yana motsi idan na jijjiga shi. Wani mai gyaran jikin mota ya ce zai cike ko'ina da fila ya fesa fenti cikin kwana uku. Shin in ba shi aikin?

Mai karatu daga Yauri

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a cikin abin da ka saya. Shawarata ita ce kada ka ba shi wannan aiki. Mai yiwuwa gwani ne a sana'arsa, amma filar da ake shafa wa mota tana shan ruwa kuma ba ta ɗaukar nauyi, saboda haka abin da za ta yi maka kawai shi ne ta rufe ciwon ta bar shi yana ci daga ciki.

A cikin abubuwa uku da ka lissafa, na ƙarshen ne ya fi tayar mini da hankali. Jama'a da yawa sun ɗauka cewa jirgin faiba ba ya ruɓewa, alhali zaren gilashin da rezin ɗin (ruwan gam mai daskarewa ya yi tauri) da aka ƙera shi da su ne kaɗai ba sa ruɓewa. A yawancin tsofaffin jirage, maƙera sun binne katako a tsakiyar bangon baya da cikin haƙarƙarin da ke tallafe da daɓe, domin shi ke ba su ƙarfi. Duk ramin da aka huda don ɗaura inji ko kafa ƙarfe, idan ba a toshe shi da kyau ba, ƙofa ce ta ruwa, kuma ruwan da ya shiga tsakanin fatu biyu na faiba ba shi da hanyar fita. Na taɓa tsayawa a wani wurin gyaran jirage ina kallo aka huda bangon bayan wani jirgi mai ƙyalli kamar sabo. Da aka zaro bakin abin hudar sai ga baƙin katako jiƙe sharkaf, mutum ya murza shi da yatsa ya dagargaje kamar dusa, ruwa mai launin shayi kuma ya biyo ramin yana ɗiga. A kan wannan bango ne mai jirgin yake ɗaura inji mai ƙarfin doki 40 yana ɗaukar mutane.

Don haka ka fara da bincike. Ka samu ƙaramar guduma ka bi jikin jirgin kana ƙwanƙwasawa a hankali. Wurin da ke da lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, wurin da fata ta rabu da katako kuwa ƙararsa a dushe take, kamar ta tulun da ya tsage. Ka yi alama da alli a duk inda ka ji haka. Sannan ka huda ƙananan ramuka daga ciki a ƙasan bangon baya ka duba garin katakon da zai fito, ko busasshe ne mai haske, ko jiƙaƙƙe ne mai duhu. Ka taka daɓen jirgin ko'ina ka ji inda yake lotsawa, domin a ƙarƙashinsa ana zuba wani soso da ke hana jirgi nutsewa, wanda shi ma idan ya tsufa yakan sha ruwa ya zama kaya.

Idan katakon bangon ya ruɓe, babu wata dabara sai canji. Ana yanke fatar ciki a bar ta waje yadda take, a ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon kakaf, a gurje wurin, a bar shi ya bushe. Daga nan a yanko filawud irin na jiragen ruwa, falle biyu masu kaurin milimita 18, a haɗe su, a shafe su da rezin har gefuna, a manna su a matse, sannan a lulluɓe da faiba hawa-hawa har ya zarce ya kama gefunan jirgin da ƙasansa. Filawud ɗin da kafintoci ke yin kabad da shi ba zai jure ba, ko da ya fi araha. Ramukan ɗaura inji kuma a huda su da faɗi, a cika da rezin, idan ya daskare a sake hudawa daidai kaurin ƙusar, ta yadda ruwa ba zai sake taɓa katako ba.

Bororon da ka gani ruwa ne da ya ratsa fatar waje a tsawon shekarun da jirgin ya yi a jiƙe, ya haɗu da ragowar sinadaran rezin ya zama ruwa mai tsami. Ka sa tabarau kafin ka fasa su, domin wani lokaci ruwan yakan yi tsartuwa, kuma yana da illa ga ido. A buɗe kowanne da giranda, a wanke da ruwa mai tsabta sau da yawa, a kifa jirgin a kan katako a ƙarƙashin rumfa ya yi makonni yana shan iska. A nan Allah ya ba mu abin da masu gyara a bakin teku ke nema ba sa samu, wato busasshiyar iskar hunturu. Sai dai ƙurarta tana hana rezin kamawa, don haka a goge wuri da asiton, wato ruwan sinadari mai wanke maiƙo da datti, dab da lokacin shafawa.

Tsagar gefe kuwa ba a cike ta, gina ta ake yi. A gurje bakinta a karkace, faɗin gurzar ya kai kaurin jikin sau 12 a kowane ɓangare, wato idan kaurin milimita 5 ne, a gurje santimita 6. A yanka tabarmar faiba girma-girma, a jera su ɗaya bisa ɗaya, ana jiƙa kowace da rezin ana bi da rola har farin kumfar iska ya ɓace. Rezin iri biyu ne a kasuwa. Foliyesta ya fi sauƙin kuɗi kuma da shi aka ƙera yawancin waɗannan jirage, amma ifoksi ya fi shi kama tsohuwar faiba da katako, kuma da ni ne, a bangon baya shi zan sa ko da kuɗinsa ya ciji aljihu. Idan foliyesta za a yi amfani da shi, hadinarsa, wato sinadarin da ke sa shi daskarewa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ce, kimanin mililita 10 zuwa 20 a kilo guda, kuma a auna da sirinji, kada a yi kirdado. A zafin watan Afrilu rezin yakan daskare a cikin kwano kafin a gama shafa shi, saboda haka a dama kaɗan-kaɗan, a yi aikin da sanyin safiya. Mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu, kuma kada a kusanto da wuta ko taba, domin asiton da rezin duka suna kamawa nan take.

Na tsawaita a kan wannan ne saboda ruwan da za ka shiga. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin tafkin, kuma mutanen yankinku ba su manta da hatsarin watan Mayun 2021 kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ba, inda aka yi asarar rayuka masu yawa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Jirgin da zai bi wannan ruwa yana bukatar a ƙara wa ƙasansa da goshinsa hawa biyu ko uku na faiba tun yana kife.

Fenti shi ne aikin ƙarshe. Kafin ka ɗauki fasinja ko ɗaya, ka saka jirgin a ruwa ya kwana a ɗaure ka ga ko zai tara ruwa, washegari ka loda masa buhunan yashi daidai nauyin da kake son ya riƙa ɗauka, ka zagaya da shi kusa da gaɓa kana lura da bangon baya lokacin da inji ke aiki. Bayan haka ka je ofishin hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ka yi masa rajista, ka kuma tanadi rigar ruwa mai hana nutsewa ga kowane mutum da zai hau, har da kai da yaron jirginka.